Kafin Ka Buɗe Bulog, Fara Duba Ƙofar Fita

A ranar 30 ga Afrilu, 2013, wani dandalin rubutu mai suna Posterous ya rufe ƙofarsa. Mutane na ƙaunarsa saboda sauƙinsa: ka rubuta abin da kake so a imel, ka tura, sai ka gan shi ya fito a shafinka. Kamfanin Twitter ya saye shi a 2012, shekara na zagayowa aka ce kowa ya zo ya kwashe kayansa. Wanda ya ji sanarwar da wuri ya tsira da rubutunsa, wanda bai ji ba kuwa sai dai labari. Kafin nan, a watan Oktoban 2009, Yahoo ya rufe GeoCities, inda ɗimbin mutane suka fara gina shafinsu na farko a intanet. Facebook ma ya janye sashensa na dogon rubutu, Notes, a 2020. Twitter ya sake sayen wani dandalin mai suna Revue a 2021, ya rufe shi a farkon 2023.

Na jero waɗannan ne saboda kusan duk mai shirin buɗe bulog tambayarsa ɗaya ce: wane dandali ya fi kyau? Sai ya share mako biyu yana kwatanta launuka da tsarin shafi. Tambayar da ya kamata ya fara yi wa kansa ita ce: ranar da zan bar wurin nan, ko ranar da za a ce in tashi, da me zan fita? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da muke kira bulog abu uku ne aka ɗaure wuri guda. Akwai adireshi, wato sunan da mutum zai rubuta a burauza ya iso gare ka. Akwai masauki, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana tana riƙe da rubutunka da hotunanka, wadda ake ce wa saba. Sai kuma manhajar da kake rubutu a cikinta, wadda ke shirya shafin ta miƙa wa mai karatu. Duk bambancin da ke tsakanin dandalan nan ya ta'allaƙa ne a kan nawa ne cikin ukun ke hannunka, nawa ne kuma ke hannun wani. Iya abin da ka bar wa wani ya riƙe maka, iya sauƙin da za ka samu, kuma iya ikon da ka sarayar ke nan.

Mu fara da dattijon cikinsu. Blogger ya fito a watan Agustan 1999 daga wani ƙaramin kamfani mai suna Pyra Labs, Google ya saye shi a 2003. Kyauta ne, kuma ba ya liƙa maka tallan da ba ka nema ba. In kana da asusun Google, cikin 'yan mintuna za ka buɗe shafi mai adireshin da ke ƙarewa da blogspot.com, in kuma ka sayi naka sunan a wani wuri, kana iya ɗaura shi a kai ba tare da an caje ka komai ba. Ba ruwanka da sabunta manhaja, ba ruwanka da gadin saba. Aibinsa a fili yake: ya daɗe bai ga wani babban gyara ba, rigunan da ake sa wa shafi, wato tsare-tsaren kamanninsa, kaɗan ne, kuma da ganin yawancinsu ka san sun kwana biyu. Sannan Google ba ya jin nauyin rufe abin da ya gaji da shi. Ya rufe Google Reader a 2013, ya rufe Google+ a 2019. Blogger ya tsallake duk wannan, ya haura shekara ashirin da biyar yana aiki, ko dai don yana da ƙarko, ko don an manta da shi ne a lungu. Wani abin lura kuma, tun 2023 Google ya sanar cewa asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba yana iya fuskantar gogewa, don haka mai bulog a can ya riƙa leƙawa. Duk da haka, ina ganin ana raina Blogger fiye da kima. Ga wanda rubutu kawai ya kawo shi, ya ishe shi.

Sunan WordPress kuwa ya rikita mutane da dama, domin abu biyu ne ke amsa shi. Na farko manhaja ce ta kyauta da Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003, suka gina ta a kan wata tsohuwa mai suna b2/cafelog. Ana samun ta a WordPress.org, kuma lasisinta ya ba kowa damar ya sauke ta, ya gyara ta, ya ɗora ta a sabar da ya ga dama. Na biyu shi ne WordPress.com, wanda kamfanin Mullenweg, Automattic, ya buɗe a 2005. Wannan masauki ne: sun ɗora maka manhajar, su ke kula da ita, kai dai ka shigo ka yi rubutu. A matakin kyauta za su sa tallansu a shafinka, kuma adireshinka zai ɗauki sunansu a wutsiya. Kana son naka sunan kaɗai, sai ka biya. Mutane da yawa sun buɗe na biyun suna zaton na farkon ne, sai da suka je yin wani abin da suka gani a bidiyon koyarwa sannan suka tarar da ƙofa a kulle.

Na farkon shi ne wanda ake yawan yabo, kuma ba a banza ba. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kansa suke. Kusan duk abin da ka yi tunani, wani ya riga ya rubuta masa ɗan ƙarin manhaja da ake kira fulogin: na karɓar imel ɗin masu karatu, na rage nauyin hotuna, na tace sharhin banza, na buɗe kanti. Dubun-dubata ne. In kamfanin masaukinka ya ɓata maka rai, ka tattara ka koma wani, shafinka na nan yadda yake. Ba wanda zai wayi gari ya ce dokar gida ta canza.

Sai dai ranar da ka zama mai gida, ranar ka zama mai gadi, ka zama mai shara, ka zama mai gyaran famfo. Ga yadda abin yake. WordPress ba ya ajiye shafukanka a shirye. Rubutunka yana cikin rumbun bayanai ne, kuma in mai karatu ya zo, manhajar ce ke ɗauko rubutun, ta sa masa riga, ta bi ta kan kowane fulogin da ka ɗora, sannan ta miƙa masa shafi. Kowane fulogin kuma mutum daban ne ya rubuta shi, wani kamfani ne mai ma'aikata, wani kuwa ɗalibi ne da ya yi shi don nishaɗi ya daina waiwayarsa shekara uku da suka wuce. Yawancin kutsen da ake yi wa shafukan WordPress ta nan yake shigowa, ta fulogin da aka bari bai sabuntu ba. In kuma ka sabunta, wani lokaci biyu daga cikinsu su yi karo, shafi ya koma fari fat. Mutumin da ya tashi da niyyar rubuta abin da ke ransa sai ya tsinci kansa yana kashe fulogin ɗaya bayan ɗaya don gano mai laifi. Ga ajiye kwafin shafi a kai a kai, wanda kowa ya san ya kamata, amma ba kowa ke yi ba sai ranar da ya rasa. Ga kuma dabarar kamfanonin masauki da yawa ta sauƙaƙa kuɗin shekarar farko, ranar sabuntawa kuma ka ga lissafi ya sauya fuska. Duba kuɗin sabuntawa tun kafin ka biya na shiga.

Ba ina hana kowa ba ne. Wanda ke jin daɗin irin wannan aikin, ko yake hangen bulog ɗinsa zai girma ya zama sana'a, wannan ce hanyar da ta fi faɗi. Amma rabin sa'ar da za ka ba gyara a wata, daga lokacin rubutunka za a cire ta.

Medium ya zo da wani ciniki daban. Evan Williams ne ya kafa shi a 2012, kuma shi ɗin dai yana cikin waɗanda suka kafa Blogger da Twitter. A Medium ba ka da wahalar zaɓen riga, kowa kusan iri ɗaya yake sawa, wurin rubutun kuma yana da tsabta da daɗin aiki. Abin da yake sayar maka shi ne masu karatu: akwai jama'a a ciki, tsarin dandalin yana iya tura musu rubutunka ko ba su san ka ba. Tun 2017 ya shigo da tsarin biyan kuɗin zama memba, inda ake kulle wasu rubuce-rubuce sai ga masu biya, a kuma raba wa marubuta wani abu daga ciki. Matsalar ita ce, mabiyan da ka tara a can na Medium ne. Ranar da ka tashi, rubutunka zai bi ka, su kuwa suna nan inda ka bar su. Kayan aro ba ya rufe katara. Kuma mafi yawan jama'ar da ke can da Ingilishi suke karatu, don haka mai rubutu da Hausa ko wani harshen ya sani cewa babban abin da ake zuwa Medium dominsa, shi ba lallai ya same shi ba.

Substack, wanda aka kafa a 2017, ya gyara wannan ɓangaren. Duk abin da ka wallafa yana zuwa akwatin imel ɗin waɗanda suka yi rajista, yana kuma zama a shafinka. Jerin imel ɗin nan kana iya sauke shi duk ranar da ka so, ka tafi da shi wani wuri. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin masu karatu sun zama cikin kayan da ake iya ƙaura da su. Kyauta ne muddin kai ma kyauta kake bayarwa. Ka fara karɓar kuɗi, su ɗauki kashi 10 cikin ɗari, ban da abin da Stripe, kamfanin da kuɗin ke bi ta hannunsa, zai cire. Stripe kuma ba a kowace ƙasa yake aiki ba, don haka mai wannan buri ya bincika tun da wuri. Ghost yana yin kusan irin wannan aikin. John O'Nolan, wanda ya taɓa aiki a ɓangaren tsara fuskar WordPress, shi ya ƙirƙiro shi a 2013, gidauniya ce da ba ta neman riba ke riƙe da shi, kuma ba ya taɓa kaso daga kuɗin masu rajistarka. Sai dai ko ka biya su kuɗin masauki, ko ka ɗora shi a sabarka, kuma ɗora shi ya fi na WordPress neman gwaninta.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da waɗannan biyun. Wasiƙar imel irin tasu da bulog ba halinsu ɗaya ba. In ka san duk abin da ka rubuta zai ƙwanƙwasa wa mutum ɗari ƙofa, za ka fara tauna magana kafin ka saki, ka riƙa tambayar kanka ko wannan ya isa a tura. Ɗan gajeren tunani mai layi biyar sai ka ji kunyar aika shi. In ka yi wata biyu shiru, sai ka ji kamar bashi ake bin ka. Bulog na kashin kai kuwa ɗaki ne da kake ajiye abin da ka ga dama, mai so ya leƙo. Yana iya yin wata shida a rufe ba wanda ya yi fushi. Ka san wanne kake so kafin ka zaɓa.

Masu ilimin kwamfuta suna da tasu hanyar. Suna rubutu a fayil na zallar haruffa a kwamfutarsu, da wani sauƙaƙan tsari mai suna Markdown, sai wata manhaja irin su Jekyll, wadda ta fito a 2008, ko Hugo na 2013, ta mayar da fayilolin cikakkun shafuka, a ɗora su a wuri kamar GitHub Pages kyauta. Babu rumbun bayanai, babu fulogin a saba, shafi na buɗewa kamar ƙiftawar ido, kuma mai kutse bai da ƙofofi da yawa da zai gwada. Ta fuskar mallaka babu kamarta, tunda asalin rubutun yana hannunka tun farko. Amma sai ka iya ba kwamfuta umarni a rubuce, wallafawa daga waya kuma aiki ne ja. Intanet cike take da irin waɗannan shafuka masu rubutu biyu kacal: na farko barka da zuwa, na biyu bayanin yadda aka gina shafin.

Tumblr, wani dandalin bulog, ba zan tsaya a kansa ba, sai don darasi ɗaya. Yahoo ya saye shi a 2013 a kan dala biliyan 1.1, ya koma hannun Verizon, aka sauya dokokin abin da ake iya wallafawa a watan Disamban 2018, sannan Automattic ya karɓe shi a 2019. Mai shafi a can yana zaune wuri ɗaya, masu gida uku suka wuce ta kansa, ba wanda ya nemi shawararsa.

To, da me za ka fita? Abu na farko shi ne adireshi, kuma shi ne abu ɗaya da nake ganin ya cancanci a kashe masa kuɗi tun ranar farko. In adireshinka yana ɗauke da sunan dandali, duk wanda ya taɓa tura mahaɗin rubutunka, wato adireshin da ake dannawa a iso gare shi, ga wani, duk matsayin da ka samu a injin bincike, na dandalin ne. Ka tashi, mahaɗan su mutu. In kuwa sunan naka ne, sai ka juya shi ya fuskanci sabon masauki, masu karatu ba za su ma san ka yi ƙaura ba. Ka yi rajistarsa da sunanka da imel ɗinka, ba da na wanda ya taimaka maka ya gina shafin ba, kuma ya fi kyau a wani kamfani daban da na masaukinka, don in ka ɓata da ɗaya kada ka rasa duka.

Shi ma sunan haya ne, ana sabunta shi shekara-shekara, ko da yake ana iya biyan na shekaru har goma a lokaci guda. Na koyi wannan da jikina. Na yi rajistar wani suna da tsohon imel da na daina buɗewa, katin da na sa kuma wa'adinsa ya ƙare. Kamfanin ya yi ta aiko da tunatarwa, babu mai gani. Wata safiya na rubuta adireshina, sai ga wani shafi cike da tallace-tallace, da rubutu a sama cewa wa'adin wannan suna ya cika. Na yi zaton kutse aka yi mini, har na fara canza kalmomin sirri. Da na gane, na riga na wuce kwanakin alfarma da ake bayarwa, na faɗa cikin kwana 30 ɗin da ake fanso suna da tara mai nauyi. Na biya ina ƙunci, laifin kuma nawa ne. Da na ƙara sakaci, da an sake shi kasuwa kowa ya saya.

Abu na biyu shi ne rubutun kansa. Kowane dandali zai ce maka yana da maɓallin kwashe kaya, amma gani ya kori ji. Kafin ka zauna, wallafa rubutu uku na gwaji, ɗaya da hoto, sannan ka danna maɓallin ka buɗe abin da ya ba ka. Blogger da WordPress suna ba da fayil ɗin da ke ɗauke da rubutu da sharhi, amma a fayil ɗin WordPress hotunan ba sa ciki, adireshinsu kawai ke ciki. Ma'ana, in tsohon gidan ya rushe kafin ka kwaso hotunan daban, za ka sami rubutu da ramuka. Medium yana ba da kowane rubutu a matsayin shafi guda, wanda mayar da shi wani dandalin yana buƙatar ɗan aiki. Sannan tsarin mahaɗi ya bambanta: Blogger yana sa shekara da wata a cikin adireshin kowane rubutu, wasu ba sa yi. Ko da sunan naka ne, ranar ƙaura sai ka shirya abin da zai karkatar da tsofaffin mahaɗai zuwa sababbi.

Cikin rubutun gwajin nan, mai rubutu da Hausa ya ƙara abu ɗaya. Sa kanun da ke da haruffa masu ƙugiya, misali "Ɗan ƙaramin ɓera", ka duba shi a waya da kwamfuta. Dandalan duk suna karɓar haruffan, amma ba kowane salon rubutu ne aka zana masa ɗ da ƙ da ɓ ba. In babu, burauza za ta aro harafin daga wani salon, sai ka ga ƙ ta fito siririya a tsakiyar kalma mai kauri kamar baƙuwa, ko ma ta zama ɗan akwati. Na taɓa zaɓen wata riga da ta burge ni ƙwarai, na yi kwana biyu ina daidaita ta, sai da na sa kanun farko na ga kowace Ƙ ta karkace ta fita layi. A dandalin da ke ba ka ikon sauya salon rubutu, gyaran minti biyar ne. A wanda ba ya bayarwa, haka za ka zauna da shi. Duba kuma abin da ya yi da haruffan a cikin mahaɗi, domin wani yana zubar da su gaba ɗaya, wani yana mayar da su jerin lambobi da alamomi masu tsawo. Gara ka rubuta mahaɗin da hannunka da haruffa marasa ƙugiya.

In aka matsa mini sai na zaɓa wa mutum, zan fara tambayarsa da me yake rubutu. Mai rubutu da waya, wanda bai da sha'awar gyare-gyare, ya ɗauki Blogger ko WordPress.com, ya ɗaura nasa sunan a kai. Wanda ya riga ya san yana da mutanen da ke jiran abin da zai faɗa, kuma zai iya riƙe lokaci, ya nufi Substack ko Ghost. WordPress na kashin kai sai in akwai wani takamaiman abin da kake so wanda sauran suka hana ka, kuma ka iya faɗin sunan abin. Medium kuwa na fi ganinsa wurin da za ka kai kwafin rubutu bayan ka wallafa shi a gidanka, don yana da hanyar nuna wa injin bincike inda asalin yake. Kada ka ba zaɓen nan fiye da yini guda. Da suna a hannunka da kwafin rubutunka, kuskuren zaɓe aikin ƙarshen mako ne ya gyara shi.

Ni yanzu duk abin da zan wallafa, a fayil na zallar haruffa nake fara rubuta shi, in ajiye shi tare da hotunansa a jaka guda mai kwanan wata, sannan in kwafa zuwa dandali. Kalandar wayata kuma tana da tunatarwa guda da ke tashi wata ɗaya kafin wa'adin sunan ya cika, a ranar nake duba katin da imel ɗin da ke kan rajista.